In Da So Da Ƙauna

In Da So Da Ƙauna ƙagaggen labari ne na Hausa wanda Ado Ahmad Gidan Dabino ya wallafa a Kano a shekarar 1991. Yana cikin fitattun littattafan soyayya da ake yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano.

Labari

Sumayya 'yar masu kuɗi ce da ta kamu da son Muhammad, ɗan talakawa. Wani attajiri, Abdulƙadir, ya shiga neman aurenta, ya saye kakarta da kyaututtuka. Da aka matsa wa Sumayya, sai ta faɗa rijiya, amma aka ceto ta. A ƙarshe ta auri Muhammad.

Farin jini

Littafin ya taɓo rikicin da har yau ake yi a gidaje: zaɓin yarinya za a bi, ko aljihun manemi? A Jiki Magayi na shekarun 1930, mai kuɗi ne ya ƙwace budurwar, a nan kuwa talaka ya yi nasara. Wannan ya ja hankalin matasa, ko da yake wasu manazarta sun zargi irin waɗannan littattafai da kwaikwayon finafinan Indiya. An mayar da labarin fim a shekarar 1994.