Ɓurɓushin Roba da Dafin Ƙarafa a Jikin Tanar Ƙasa

Leda ba ta ruɓewa yadda kara ko kashin shanu suke ruɓewa a gona. Abin da take yi shi ne ta sha rana har ta bushe, ta tsattsage, garma da kofaton dabbobi su ƙara dagargaza ta, ta koma ƙananan gutsattsari da suke saje da ƙasa. Duk guntun roba da bai kai milimita 5 ba, shi masana suke kira ɓurɓushin roba, kuma maganarsa ta bazu ne bayan binciken da Richard Thompson na Jami'ar Plymouth ta Ingila ya fitar a 2004 a kan wanda ake samu a teku. An daɗe hankali yana kan teku da kifayenta, sai a 2012 Matthias Rillig, wani masanin ƙasar noma a Berlin ta Jamus, ya ja hankali cewa gonaki ma suna tara wannan ɓurɓushi, ta hanyar ledar da ake shimfiɗawa a kan kunya don riƙe laima, da dagwalon magudanan birni da ake zubawa a matsayin taki, da sharar da iska da ruwa suke kwasowa.

A yawancin wuraren da roba take taruwa akan tarar da wata guba da ta riga ta zuwa, wato ƙarafa masu nauyi, irin su dalma da zaiba da tutiya da tagulla da kadmiyom da kuromiyom. Ba ƙarfen da ake gani a maƙera ake nufi ba, ana nufin ƙwayoyinsu da suke narkewa a ruwa ko suke maƙale da ƙasa, waɗanda ba sa lalacewa komai daɗewa. Tutiya da tagulla jiki yana bukatar ɗan kaɗan daga cikinsu, sai sun yi yawa suke cutarwa, amma dalma da kadmiyom ba su da wani amfani a jikin mutum ko dabba. Kadmiyom ne ya haddasa ciwon ƙashi da ƙoda da ya addabi manoman shinkafa na bakin kogin Jinzu a Japan, bayan ruwan mahaƙar ma'adinai ya gurɓata gonakinsu.

Ɗaya daga cikin halittun farko da waɗannan abubuwa biyu suke haɗuwa a cikinsu ita ce tanar ƙasa, domin ƙasar ce abincinta. Takan haɗiye ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, ta niƙa su a ƙundunta, ta tsotse abin da za ta tsotsa, ta fitar da sauran a matsayin 'yan curin laka da ake gani a bakin raminta a fadama, kuma ramukan da take haƙawa su ne suke ba ruwa da iska hanyar shiga ƙasa. Tun a 1881 Charles Darwin ya rubuta littafi sukutum a kan wannan aiki nata. Fatarta kuma siririya ce mai danshi, ta nan take numfashi, don haka duk abin da ya narke a ruwan ƙasa yana iya shiga jikinta ta fata ko da bai bi ta baki ba. Wannan ya sa masu gwajin guba suka mayar da ita ma'auni, musamman jar tanar juji da ake kira Eisenia fetida, wadda take saurin hayayyafa a ɗakin bincike.

Sabuwar roba santsi gare ta, ba ta cika riƙe ƙarfe ba, amma wadda ta tsufa a rana takan yi kaushi da ƙananan tsaga, iska ta sauya sinadarin bayanta ta yadda yake jawo ƙwayoyin ƙarfe, sannan ƙwayoyin halitta su lulluɓe ta da wani yauƙi mai ƙara kama ƙarafan. Wasu robobin ma da ƙarfensu suke fitowa daga masana'anta, domin an daɗe ana amfani da dalma da kadmiyom wajen ba roba launi ko hana ta lalacewa da zafi. Inda gizo yake saƙar shi ne roba ba ta riƙe ƙarfe da ƙarfi kamar yadda laka da ruɓaɓɓen ganye suke riƙe shi, saboda haka ƙarfen da ya hau kanta a shirye yake ya sauka da zarar ya sami wurin da ya fi masa.

Wani gwaji da Mark Hodson da abokan aikinsa na Jami'ar York suka fitar a 2017 ya nuna haka ƙarara. Sun yayyanka ledar cefane, suka bar ta ta sha tutiya, sannan suka jiƙa ta a wani ruwa da aka harhaɗa ya yi kama da na cikin hanjin tanar ƙasa; kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na tutiyar ya bar jikin ledar, alhali daga ƙasa kashi 2 zuwa 15 ne kawai ya fita. Amma da suka ajiye rayayyun tanu kwana 28 a ƙasar da aka gauraya da irin wannan leda, ba su ga tutiya ta taru a jikinsu ba, ba su kuma ga rama ko mutuwa ba. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya da kadmiyom, da yawansu a ƙasar Sin, sun ba da wata amsa daban, domin a cikinsu an sha ganin kadmiyom ya fi taruwa a jikin tanar da take ƙasa mai roba fiye da wadda take ƙasa marar roba, tare da raguwar girma.

Wannan saɓani yana da dalili a jikin halittar kanta. Tun da tutiya abin bukata ce, jikin yana da hanyar daidaita ta, ya ɗauki abin da yake so ya fitar da rarar. Kadmiyom kuwa ba a fitar da shi da sauƙi, sai dai a ɗaure shi da wani furotin mai kama ƙarfe, a adana shi a wani nama mai ruwan ɗorawa da ya kewaye hanji, wanda yake yi mata aiki irin na hanta, kuma haka zai yi ta taruwa muddin tana raye. Ga shi kuma gutsattsarin roba masu kaifi suna kuje bangon hanji, kamar yadda aka gani a madubin bincike, hanjin da ya ji rauni kuwa ba ya tace abin da yake wucewa yadda ya kamata. Tsamin ƙasa ma yana da tasiri, domin ƙarafa sun fi narkewa a ƙasa mai tsami, sun fi lafawa a mai laka da taki.

Ya kamata a karanta irin waɗannan sakamako da lura, domin masu gwaji sukan zuba roba fiye da abin da ake samu a yawancin gonaki. A binciken da Esperanza Huerta Lwanga ta jagoranta a Jami'ar Wageningen ta Holan a 2016, sai da roba ta kai kashi 28 cikin 100 na ganyen da aka ba tanu kafin mutuwarsu ta ƙaru a kwana 60, wannan kuwa ya fi kama da juji fiye da gona. Sai dai jujin ba baƙon abu ba ne a wurin noma. Ita wannan masaniya ta bi sawun roba a lambunan bayan gida na jihar Campeche ta Meziko, inda ake ƙona shara ko a binne ta a tsakar gida, ta tarar da ƙasa da ƙwaya ɗaya a kowane giram na ƙasa, kusan 15 a kashin tana, kusan 130 a kashin kajin da suke kiwo a wurin, har ma a ƙundun kajin da mutanen gidan suke dafawa. Roba ta ƙirga, ba ƙarfe ba, amma hanyar da ta gano ita ce dai hanyar da kadmiyom da dalma suke bi daga tanar ƙasa zuwa kaza da tsuntsu da bushiya.

Wannan siffa ta haɗuwar roba da ƙarfe a ƙasa ɗaya sananniya ce a kewayen Kano, inda manoma suka daɗe suna sayen sharar birni a tifa ko a amalanke da rani su jibge a gona kafin damina. A da toka da kashin awaki da shara ta tsakar gida ne suka fi yawa a cikinta, yanzu kuwa ledar fiya wata da baƙar ledar kasuwa da matattun batura suna ciki, batirin tocila da tutiyarsa, na mota da dalmarsa. Masu lambun bakin Jakara kuma suna ban ruwa da ruwan da ya ratso unguwanni da masana'antun Bompai, majemun Sharaɗa da Challawa kuwa suna aiki da kuromiyom. Manomin da zai watsa irin wannan taki ya fi masa alheri ya sa a tsince leda da batura tun suna a jibge, lokacin da hannu yake iya kama su, domin da zarar ledar ta dagargaje ta shiga ƙasa babu rariyar da za ta fitar da ita daga gona.