Wuta Biyu a Gidan Biki: Rana, Janareta da Dajin Birnin Gwari

Kowane taron biki a ƙasar Hausa a yau wuta biyu ce ke riƙe da shi. Ta farko tana ƙofar gida, inda janareta ke ta ruri, yana ciyar da ƙwayayen fitila da lasifikar maroƙa. Ta biyu tana cikin gida, inda mata suka girka manyan tukwane bisa duwatsun murhu, suna ta iza itace tun da asuba. Baƙi sun fi lura da ta farko, domin ita ce mai ƙara, kuma ita ce idan ta ɗauke sai taro ya yi tsit. Amma in aka ɗora su bisa ma'aunin kimiyya, ta cikin gida ta fi cin makamashi nesa ba kusa ba.

Mutanen Birnin Gwari sun ga lokacin da aka taɓa wutar nan duka biyu. A shekarar 2021, sa'ad da ɓarnar 'yan bindiga ta yi ƙamari a yammacin Jihar Kaduna, gwamnatin jihar ta hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Birnin Gwari. Ta kuma hana sare itatuwa da safarar itacen girki da gawayi, sannan ta dakatar da kasuwannin mako-mako. Manufar ita ce a toshe wa mutanen daji hanyar samun man babura. Sai dai janareta ba ya zuwa gidan mai da ƙafarsa, da jarka ake kai masa. Bayan wannan, a ranar 29 ga Mayu 1999 aka san mulkin farar hula ya dawo, amma 29 ga Mayu 2023 masu janareta suka fi riƙewa, domin ran nan aka janye tallafin mai, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. A watan Nuwamba 2024 aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Duk inda kasuwa ta ci, aure da suna da sauran taruka sukan biyo baya, kuma kowannensu zai nemi wutar nan biyu.

Darasi daga wata hamada

Akwai wani biki a Amurka wanda za a iya kafa misali da shi. Sunansa Burning Man, taro ne na masu zane da sassaƙa da kiɗa. An fara shi a bakin teku a birnin San Faransisko a 1986, aka mai da shi hamadar Black Rock ta Jihar Nebada a 1990. Kamar yadda makiyaya ke haɗuwa a Ingal ta ƙasar Nijar a ƙarshen damina sannan kowa ya kama gabansa, haka mutane wajen 70,000 ke kafa gari guda a wannan fili, su yi mako, su kwashe komi nasu. Babu turakun lantarki, babu famfo. Shekara da shekaru janaretoci ne ke ɗauke da garin. A 2007 aka kafa farantan sola a tsakiyar filin, kuma daga wannan yunƙuri wata ƙungiya mai suna Black Rock Solar ta samo asali, ta shiga kafa wa makarantu da al'ummomin jihar irin waɗannan farantai.

A 2019 masu shirya bikin suka yi lissafin kansu, suka ƙiyasta cewa taron yana jawo fitar iskar kabon-dayokzayid kimanin tan 100,000 a shekara. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, kaso mafi tsoka ba daga janaretocin ya fito ba, daga motoci da jiragen saman da suka kawo mahalarta ne. Wato abin da ya fi damun kunne ba shi ne ya fi yin ɓarna ba. Irin wannan lissafi ya kamata a yi wa gidan biki a Birnin Gwari, amma kafin nan sai an san yadda farantin ke aiki.

Faranti da ganye

A tsakar rana, idan sama ta yi wasai, kowace murabba'in mita ta ƙasa tana karɓar hasken da ƙarfinsa ya kai wat 1,000. A arewacin Nijeriya, abin da ke sauka bisa wannan ɗan fili daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yakan kai tsakanin kilowat-awa 5 da 6. Kilowat-awa ɗaya shi ne yunit ɗin da mitar wuta ke ƙirgawa.

Yanzu a dubi Gandun Dajin Kamuku, wanda ke ƙasar Birnin Gwari. An keɓe shi tun 1936 a zamanin En'e, Gwamnatin Tarayya kuma ta mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,121 ne. Hasken da ke zuba a kansa a yini ɗaya ya ninka kimanin sau 400 abin da tashar Shiroro, mai ƙarfin megawat 600, za ta iya bayarwa ko da injunanta duka sun kwana sun yini suna juyawa. Ita ma Shiroro, in an bi salsala, rana ce ke yi mata aiki, domin ita ke ɗebo ruwa daga teku ta mai da shi girgije.

Itatuwan dajin, irin su doka da maje da kawo da taura, sun daɗe suna kama wannan haske. A cikin kowane ganye akwai wani koren sinadari da ake kira kulorofil. Idan haske ya faɗa masa, sai ya fizge wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektoron. Da ƙarfinsu ganye ke tsaga ruwa, ya saki iskar oksijin, ya haɗa sukari daga iskar kabon-dayokzayid. Farantin sola ma da wannan mataki yake farawa. An yi shi da silikon, wanda ake tacewa daga yashi, shimfiɗa biyu a haɗe, ɗaya an ɗan sa mata sinadarin fosfaras, ɗaya boron. Haske ya fizge ilektoron, bambancin shimfiɗun nan ya tilasta musu bin hanya ɗaya, sai su bi waya su fita. Wani saurayi Bafaranshe, Edmond Becquerel, shi ya fara lura da cewa haske na iya haifar da lantarki, a 1839, yana da shekara 19. Amma sai a 1954 masanan kamfanin Bell na Amurka suka ƙera farantin silikon mai amfani, wanda ke mai da kashi 6 cikin ɗari na haske lantarki.

Farantan da ake sayarwa a kasuwa yanzu suna kama kimanin kashi 20 cikin ɗari. Ganye kuwa, in an haɗa lissafin shekara, da ƙyar yake adana kashi ɗaya. Sai dai kada ɗalibi ya yi saurin raina shi. Ganye ya zo da rumbunsa: abin da ya kama yau zai zuba shi a gangar itace, ya ajiye shi shekara hamsin ba tare da ya zube ba. Faranti ba shi da rumbu. Abin da ya kama da rana, in ba a sha shi nan take ba, ya tafi ke nan, alhali shagalin biki bayan magariba yake kankama.

Lissafin dare ɗaya

A ɗauka mai biki ya rataya ƙwayayen fitila 20 na zamani, marasa cin wuta, kowane wat 10. Wat 200 ke nan. A ƙara lasifika da na'urarta, wat 300. In an yi awa biyar ana shagali, an sha yunit 2.5. Faranti ɗaya mai wat 400, bayan an cire asarar waya da batir da zafi, zai tara kimanin yunit 1.5 a yini. Ashe farantai biyu da batir madaidaici sun isa su sallami janareta. Ribar ba ta tsaya ga kuɗin mai ba. Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin kabon-dayokzayid kimanin kilo 2.3. Mafi haɗari kuma shi ne ɗan'uwansa kabon-monokzayid, iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke manne wa jan sinadarin jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Ita ce ke kashe iyali cikin barci idan aka shigar da janareta ɗaki ko zaure don gudun ɓarawo.

Faranti yana da abokan gaba biyu a ƙasarmu, kuma masu bikin hamadar Nebada sun san su sarai, domin ƙurar can fara ce mai laushi, mai kanwa-kanwa, ba inda ba ta shiga. Ƙurar hunturu haka take yi wa gilashin faranti, sai an riƙa share ta da tsumma mai laushi da sassafe. Na biyu shi ne zafi. Mutane da yawa suna zaton zafin rana faranti ke so, alhali haskenta yake so. Duk digiri ɗaya da jikinsa ya haura 25 a ma'aunin Selshiyas, ƙarfinsa na raguwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Shi ya sa ba a manna shi a jikin kwanon rufi, sai a bar tazarar da iska za ta ratsa.

Batir kuwa shi ne mai tsadar, shi ne kuma mai saurin mutuwa. Wanda aka fi saye saboda arha na dalma ne, zafi kuma yana rage masa kwana. Matacce ba abin jefarwa a bola ba ne, balle a fasa shi a tsakar gida a narka dalmar. Maƙwabtan Birnin Gwari sun san aikin wannan guba. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara, a 2015 kuma ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa ta fito, amma dalma dalma ce ko daga ina ta zo, kuma yaron da ta ƙyale da rai takan taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Tukunyar da ke cin daji

To, a koma cikin gida. Tukunya guda mai cin ruwa lita 50, kafin a ɗaga ta daga digiri 25 zuwa tafasa, tana buƙatar zafin da ya kai yunit 4.4. Wannan tafasar farko ce kawai, ba a zuba shinkafa ba tukuna, amma ta riga ta zarce abin da fitilu da lasifika suka sha a dare ɗungurungum. Kuma wane gidan biki ne ke girka tukunya ɗaya? Haske da sauti masu arha ne a lissafin makamashi, zafi shi ne mai tsada. Saboda haka wanda ya ce farantin sola zai ceci dajin Birnin Gwari ya yi gaggawa. Janareta zai kashe, murhu kuwa yana nan yana ci.

Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da zafin da ya kusa tafasa wannan tukunya shi kaɗai. Amma murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai yake isarwa ga tukunya, saura iska ta kwashe, don haka sai an ƙona kilo bakwai zuwa goma. Gawayi ya fi haka ɓarna tun daga daji, domin a ramin gargajiya ana ƙona itace kilo biyar zuwa goma kafin a samu kilo ɗaya. Masu gawayi kuma sun fi son itace mai nauyi, mai jinkirin girma, kamar ƙirya da marke. In waɗannan suka ƙare kusa da hanya, gatari yakan juya kan kaɗanya da ɗorawa, waɗanda manomi ya gada yana ƙyalewa a gona saboda man kaɗe da daddawa. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Buhun gawayinta kuwa ba ya kai wata guda a gida mai yawan baki.

Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera murhu mai tsimin itace da akwatin girki da hasken rana. A Nijar ma marigayi Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken yadda za a ci moriyar zafin rana. Akwatin girkin yana dafa shinkafar iyali sannu a hankali, amma ba zai tuƙa tuwon mutum ɗari biyu ba, gaskiya ke nan. Murhu mai tsimi, wanda aka kewaye wutarsa da laka ko ƙarfe don kada iska ta sace ta, shi ne ke iya rage itacen kusan rabi, kuma maginin tukwane na ƙauye zai iya gina shi.

Akwai kuma wata dabara wadda ba ta buƙatar silikon ko batir. In aka shafa wa duro baƙin fenti, aka cika shi da ruwa, aka girke shi a rana tun hantsi, ruwan zai ɗau zafi sosai kafin la'asar. Ruwan da aka ɗora a murhu yana digiri 50 maimakon 25 ya riga ya rage sulusin itacen da za a ƙona kafin ya tafasa. Malamin kimiyya zai iya gwada wannan da ɗalibansa a farfajiyar makaranta: gwangwanin madara uku masu ruwa daidai wa daida, ɗaya fari, ɗaya baƙi, ɗaya baƙi cikin kwali da aka rufe bakinsa da gilashi. A riƙa tsoma ma'aunin zafi a kowanne duk bayan rabin awa, daga ƙarfe goma na safe zuwa ƙarfe uku, ana rubutawa a allo.