Haruffa Huɗu Masu Ɗauke da Ashar



Yau za mu tsaya ne a kan wasu haruffan boko guda huɗu da wataƙila kun taɓa gani a wayar ɗanku ko ƙanwarku: S, T, F, U. Matasa na tura wa juna su a WhatsApp da TikTok, kuma da yawansu sun ɗauka "yi shiru" kawai suke nufi. To, da sauran rina a kaba.

Jimla ce ta Turanci mai kalmomi huɗu aka gutsure. Ta farko da ta ƙarshe idan aka haɗa su suna nufin rufe bakinka, wanda ko shi kaɗai Bature bai ɗauke shi maganar ladabi ba. Amma a harafi na uku gizo ke saƙa. Wannan F ɗin kalmar batsa ce da ta shafi saduwar namiji da mace, tana cikin ashar mafi nauyi a Turanci, kuma ba zan furta ta a gidan rediyon nan ba.

Ko a Amurka, inda ake tinƙaho da 'yancin faɗin albarkacin baki, sai da maganarta ta kai Kotun Ƙoli. A 1973 wata tasha a birnin New York ta sa faifan ɗan barkwanci George Carlin da rana tsaka, yana jero kalmomin batsa guda bakwai, har da wannan. Wani uba da ya ji shirin a mota tare da ɗansa ya kai ƙara. A 1978 kotun ta yanke cewa hukumar kula da sadarwa tana da ikon tsawata wa tashar.

To yaya aka yi kalmar da ta kai haka ta lafe a cikin harafi ɗaya?

A 1988 wani ɗalibi a ƙasar Finland, Jarkko Oikarinen, ya ƙirƙiro IRC, wato zauren hira ta rubutu a kwamfuta. A irin waɗannan zauruka da wuraren wasannin intanet na shekarun 1990, mai saurin hannu shi ke cin gardama, sai aka shiga datse jimloli. Tsofaffin hannu kan jefa wa sabon shiga haruffan nan idan ya cika tambaya. Sannan ga saƙon tes da bai wuce haruffa 160 ba. Masu tuna ƙananan wayoyin Nokia sun san sai ka danna lamba 7 sau huɗu kafin S ya fito, don haka kowa na tsimin yatsansa. Akwai kuma wata dabara: wasu zauruka suna toshe kalmar batsa idan an rubuta ta cikakkiya, amma harafi ɗaya sai ya sulale ya wuce.

Yawan amfani ya rage wa jimlar kaifi a wurin masu jin Turanci. Abokai kan rubuta ta don nuna mamaki, kamar mu ce "kai, haba!" A 2023 ma wani marubuci Ba'amurke, Dan Lyons, ya sa haruffan nan a matsayin sunan littafinsa kan amfanin kame baki.

Ni dai abin da ke damuna shi ne namu yaran. Bahaushe yana da "yi mana shiru" da "kame bakinka", kuma ko waɗannan ba a faɗa wa na gaba. Yaron da ba zai iya ɗaga ido ya yi wa yayansa daƙuwa ba, sai ga shi yana tura masa ashar a zauren dangi, alhali bai san abin da ya rubuta ba. Gutsure kalmar bai wanke ta ba, wanda ya san Turanci cikakkiyarta yake ji.

Iyaye da malamai, idan kun ga haruffan nan a wayar yaro, ku zaunar da shi ku gaya masa abin da F ɗin ke nufi kafin ku kai ga faɗa. Ku kuma matasa, ku tambayi ma'anar abin da kuke kwafowa kafin ku tura.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. A huta lafiya.