Laifin Baƙo, Hukuncin Mai Gida: Haƙƙin Mallaka da Masu Layin Intanet



Babu mai musun cewa mawaƙi da marubuci da mai shirya fim suna da haƙƙi a kan guminsu, kuma wanda ya kwafe aikinsu ya rarraba ba da izninsu ba ya ci amanarsu. Abin da nake so mu duba a yau shi ne hanyar da waɗansu ƙasashe suka bi don kare wannan haƙƙi, watau ɗora wa kamfanonin da ke raba layin intanet aikin ɗan doka, da irin ɓarnar da hanyar takan jawo wa ƙaramin ɗan kasuwa da mai gida wanda bai ji ba bai gani ba.

Kowane layi yana da lambar adireshi da kamfanin ya ba shi. Masu waƙoƙi sukan ɗauki hayar 'yan sa-ido su shiga dandalin musayar kaya irin na BitTorrent, su rubuta lambobin da suka gani da lokacin da suka gan su, sa'an nan su aika wa kamfanin takardar ƙorafi. Kamfanin ya buɗe littafinsa ya ga sunan mai biyan kuɗin layin. To, nan gizo ke saƙa. Lambar tana nuna ƙofar gida ne kawai, ba ta nuna hannun da ya yi ɗaukar ba. A otel, ko gidan shan shayi, ko ɗakin karatu, mutum ɗari suna iya fita ta ƙofa guda a yini.

Faransa ce ta fi kowa zurfafawa. A 2009 ta kafa hukumar Hadopi, wadda ke aika gargaɗi sau biyu kafin ta miƙa mutum ga mai gabatar da ƙara. Laifin da aka ƙago kuwa shi ne sakaci wajen tsare layi, mai tara har yuro 1,500. Mutum na farko da aka hukunta, a Belfort cikin Satumba 2012, matarsa ce ta sauko da waƙoƙin Rihanna, ta kuma amsa da kanta. Duk da haka shi aka ci tarar yuro 150, domin sunansa ne a kan takardar layin. Hukuncin yanke layi na wata guda da ke cikin dokar an soke shi a 2013, hukumar kuma an narkar da ita cikin Arcom a 2022.

Labarin Jamus ya fi shafar 'yan kasuwa. Wani mai shagon kayan fitilu da amsa-kuwwa a Munich ya bar layinsa a buɗe kyauta don jawo masu ciniki. A 2010 wani ya yi amfani da shi ya rarraba waƙar da ke hannun Sony, aka bi mai shagon. Sai a Satumba 2016 Kotun Tarayyar Turai ta ce ba za a sa shi biyan diyya ba, amma ana iya tilasta masa rufe layin da kalmar sirri. Shekara shida ke nan mutum yana jiran a gaya masa ba a binsa bashi! A tsawon wannan zamani masu shaguna da yawa a Jamus sun gwammace su hana baƙo layi da su kwana da fargabar wasiƙar lauya, har majalisa ta sassauta dokar a 2017.

A Amurka kuwa, sashe na 512 na dokar 1998 ya yi wa kamfanoni alkawarin kariya, bisa sharaɗin su kasance da tsarin korar mai maimaita laifi. Amma wane ne mai maimaita laifi, wanda alƙali ya kama, ko wanda aka yi ta zargi? Dokar ba ta fayyace ba. A 2019 masu taya alƙali shari'a a jihar Virginia suka ci kamfanin Cox dala biliyan 1 saboda waƙoƙi 10,017, don bai yanke layukan waɗanda aka zarga ba. Ku dubi lissafin da wannan hukunci ya koya wa kowane kamfani: kuɗin da mai shago ke biya a wata bai kai ƙwayar gero ba kusa da irin wannan tara, saboda haka yanke shi ya fi bincikensa arha. Mai shagon kuwa cinikinsa, da na'urar karɓar kuɗinsa, da wasiƙunsa, duk a kan layin suke, kuma a ƙauyuka da dama babu kamfani na biyu da zai koma. A Maris 2026 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, ta ce sayar wa jama'a layi, ko da an san wasu za su yi ɓarna da shi, bai isa ya sa kamfani ya ɗauki laifinsu ba.

Kada dai a ɗauka an kashe maciji an sare kansa. Kamfani aka wanke, mai layi yana nan inda yake. Yarjejeniyar da ya sa wa hannu takan ba kamfanin ikon rufe shi ba tare da zuwa gaban alƙali ba, mai waƙa kuma yana iya neman kotu ta sa a bayyana sunansa, ya kai shi ƙara kai tsaye. Diyyar da dokar Amurka ta tanada a kan kowane aiki guda tana farawa daga dala 750 zuwa 30,000, ta kai 150,000 in an tabbatar da ganganci, shi ya sa mutane da yawa sukan biya kuɗin sulhu tun kafin a tambaye su wa ke riƙe da kwamfutar a daren da ake magana.