Kama Sabon Aiki: Manajan Kiyaye Ƙa'idoji a Banki

Idan aka tambayi ɗalibai aikin da suke so su yi bayan makaranta, yawanci sukan ce likita, lauya ko injiniya. Amma akwai wani aiki mai nauyi da ba a cika jin sunansa ba, wato manajan kiyaye ƙa'idoji. Shi ne wanda ke tabbatar da cewa ma'aikatarsa tana bin dokokin ƙasa da kuma nata ƙa'idojin. Bari mu ɗauki misalin wanda ya kama wannan aiki a wani banki a Nijeriya, mu ga abin da ke jiransa.

Abu na fari shi ne karatu. Dole ya san Dokar Hana Halatta Kuɗin Haram ta shekarar 2022, da Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023, da umarnin da Babban Bankin Nijeriya ke aiko wa bankuna. Dole kuma ya san hukumomin da zai yi hulɗa da su, kamar EFCC wadda ta fara aiki a 2003, da NFIU wadda ta zama mai cin gashin kanta a 2018. Doka ta ce idan kuɗin da mutum ɗaya ya ajiye ko ya tura sun haura naira miliyan 5, ko na kamfani sun haura miliyan 10, sai banki ya kai rahoto ga NFIU. Haka nan duk hada-hadar da ake zargi, ko da kuɗin kaɗan ne. Kuma laifi ne ma'aikaci ya tsegunta wa mai kuɗin cewa an kai rahotonsa.

Abu na biyu shi ne sanin gidan da ya shigo. Matambayi ba ya ɓata. A makonnin farko ya kamata ya zauna da masu karɓar kuɗi da masu buɗe asusu, ya ga yadda ake aikin da idonsa. Sau da yawa abin da ke rubuce a littafin ƙa'idoji dabam, abin da ake yi a kan teburi dabam. Wataƙila ya tarar da asusun da aka buɗe ba a tantance adireshin mai shi ba, ko wanda ba a haɗa shi da lambar BVN ba, alhali an fito da ita tun 2014. Ya karanta rahoton masu binciken da suka zo kafin shi, domin a nan zai ga ramukan da ba a cike ba. Ba zai iya gyara komai a rana ɗaya ba, saboda haka sai ya fara da abin da ya fi haɗari.

Abu na uku shi ne zama da mutane, kuma a nan ne wahalar take. Abokan aiki sukan ɗauke shi tamkar ɗan sanda, su yi shiru in ya shigo. Idan ya fara da tsawa da neman laifi, za a riƙa ɓoye masa kuskure, kuma kuskuren da aka ɓoye shi ne ke girma. Gara ya bayyana musu dalilin kowace ƙa'ida, ya nuna musu cewa takardar da suke ganin ɓata lokaci ce ita za ta kare su ranar da masu bincike suka zo.

Amma akwai ranar da lallashi ba zai yi ba. A ce wani babban attajiri ya kawo kuɗi masu yawa, ya ƙi faɗin inda suka fito, manajan reshe kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, mutuminmu ne, a bar shi ya wuce." Hausawa sukan ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemo ka ɗaura. A wannan aiki kam, karin maganar ba ta da gurbi. Idan sabon manaja ya kau da kai sau ɗaya, kowa ya san farashinsa ke nan. Abin da zai yi shi ne ya ƙi cikin ladabi, ya rubuta abin da ya faru da kwanan wata, ya kai maganar ga na gaba da shi. In bai yi haka ba, ana iya cin bankin tara mai yawa, shi kansa kuma ya fuskanci shari'a.

To, ɗalibai, ta ina ake shiga wannan aiki? Yawanci ta hanyar karatun lauya, akanta ko aikin banki. Amma tushensa yana nan a makaranta. Shugaban ɗaliban da ya rubuta sunan abokinsa cikin waɗanda suka makara, ko ma'ajin ƙungiyar da ya kawo lissafi daidai har kwabo, ya riga ya fara koyonsa.