Gurbi 85, Manema Dubu: Abubuwan Mamaki a Zawarcin 'Yan Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Idan mai sharhin wasanni a rediyo ya ce ana zawarcin ɗan wasa, hankalinmu kan tafi Madrid ko Manchester. A Amurka akwai wani zawarcin da ya fi wannan tayar da ƙura. Waɗanda ake bi yaran sakandare ne 'yan shekara 16 zuwa 18, masu bin su kuwa jami'o'i. Ƙwallon ba tamaular da muka sani ba ce, ita ce mai siffar gwanda wadda ake runguma a ruga da ita, ƙarti sanye da hular kwano suna kokawar ƙwace ta. Kada a raina ta don ta ɗalibai ce: filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum 107,601. Abin da jami'a ke riƙe da shi in ta je neman yaro shi ne gurbin karatu kyauta, wato kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai. Guraben nan a ƙirge suke, kuma ƙirgen ne ya haifi yawancin labaran da ke tafe.

Lambar da ta hana kociyoyi barci. Daga 1994 har zuwa 2025, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta tsayar wa kowace babbar jami'a gurbi 85 na 'yan ƙwallo, ba ƙari. A 1973 iyakar 105 ce, aka rage ta zuwa 95 a 1978, aka ci gaba da datsewa. Kafin nan masu hali kan kwashe yara su jibge a benci, ba don suna da bukatarsu ba, sai don kada abokin hamayya ya samu, kamar ɗan kasuwar da ke saye hatsi ya kulle a sito. A 1973, kafin dokar ta kankama, koci Johnny Majors ya kwaso sababbin yara fiye da 70 a shekara guda zuwa Jami'ar Pittsburgh, cikinsu har da Tony Dorsett. A 1976 suka zama zakarun ƙasa.

Jami'o'in rukunin da ke bi musu gurbi 63 aka ba su, amma su an yarje musu su gutsuttsura shi, wani ya sami rabi, wani kwata. Harvard da Yale da sauran 'yan rukuninsu kuwa ko sisi ba sa ba kowa don ya iya ƙwallo.

Ƙwallon maza, kwale-kwalen mata. Wata dokar tarayya ta 1972 ta wajabta wa makarantu yin adalci tsakanin maza da mata. To ga gurbi 85 an zuba wa maza a wasa ɗaya, da me za a cike gefen mata? Jami'o'i da dama sai suka buɗe ƙungiyar tseren kwale-kwale ta mata, mai gurbi 20, suka shiga farautar dogayen 'yanmata a harabar makaranta, har da waɗanda ba su taɓa riƙe filafili ba.

Tayi ba ɗaurin aure ba ne. Jami'ar da za ta ɗauki yara 25 tana iya yi wa ɗaruruwa tayi da baki. Yaro ma yana iya cewa ya amsa, gobe ya sauya ra'ayi. Babu abin da ke ɗaure kowa sai sa hannu. A 2010 koci Lane Kiffin na Jami'ar USC ya yi wa David Sills, ɗan shekara 13, tayin gurbi a matsayin mai jefa ƙwallo, wanda shi ne madugun ƙungiya. Kafin yaron ya gama sakandare an kori Kiffin, kuma a filin jirgin saman Los Angeles aka sallame shi cikin dare a 2013. Sills bai taɓa buga wa USC ba. A Jami'ar West Virginia ya yi suna, a matsayin mai cafe ƙwallo, ba mai jefa ta ba.

Koci ya kwana a gidan yaro. A watan Janairun 2016 Jim Harbaugh, kocin Michigan, ya je gidan iyayen wani yaro mai suna Quinn Nordin ya kwana, don kawai ya raba shi da Jami'ar Penn State da ya riga ya yi wa alkawari. Ya kuwa yi nasara. Ita Jami'ar Texas aljihu ta taɓa: kusan dala 280,000 ta kashe a hutun ƙarshen mako guda cikin Yunin 2022, wajen karɓar baƙuncin Arch Manning da wasu yara 8. Otal, abinci, nishaɗi, duk na toshi ne.

Ranar sa hannu. Larabar farko ta watan Fabrairu ce ranar da aka fi sani, kodayake tun 2017 an buɗe wata a Disamba wadda ta kwashe yawancin yaran. Abin dariya, har zamanin wayar hannu mai intanet, na'urar faks ce kociyoyi suka riƙa zagayewa suna jiran takarda ta faɗo. Yaro kan jera hulunan jami'o'in da ke nemansa a kan tebur gaban kyamara, ya ɗauki ɗaya ya sa. A 2011 Isaiah Crowell ya wuce nan, ya ɗago ɗan kwikwiyo da ransa ya nuna wa duniya, domin kare ne tambarin Jami'ar Jojiya.

Iyaye mata ma ba a bar su a baya ba. A 2012 Landon Collins ya zaɓi Alabama kai tsaye a talabijin, mahaifiyarsa na zaune kusa da shi ta girgiza kai, ta ce ita Jami'ar LSU ta jiharsu take so. A 2013 mahaifiyar marigayi Alex Collins ta fi ta zafi: ɗanta na son Arkansas, ita tana son ya tsaya Miami kusa da gida, sai ta ƙi sa hannu ta yi gaba da takardun. Washegari mahaifinsa ya sa hannu.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wani ɗalibi a ƙaramin garin Fernley na jihar Nevada. A 2008 aka tara 'yan makarantarsu a zauren wasa, 'yan jarida suka zo, ya ajiye hular Jami'ar Kalifoniya da ta Oregon, ya ɗauki ta Kalifoniya, aka yi ta tafi. Ashe babu wadda ta neme shi cikin biyun. Bayan 'yan kwanaki ya amsa cewa shi ya ƙirƙiri labarin duka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ni manyan da suka mayar da zaɓin makarantar yaro biki nake ganin laifinsu ya fi.

Riga kala-kala. Tunda guraben ba sa isa, sai aka ƙirƙiro dabaru, kowace da launin rigarta. Mai jar riga shi ne wanda aka ajiye shekara guda yana atisaye ba ya shiga gasa, don a ci moriyarsa shekara 4 cikin 5. Tun 2018 yana iya buga wasa 4 ba tare da shekarar ta ƙone ba. Mai riga ruwan toka kuwa shi ake ce wa ya zauna gida, ko ya biya wa kansa zangon farko, sai Janairu a lissafa shi cikin na baɗi.

Wannan ta biyun ta sha cutar da yara. A 2009 koci Houston Nutt na Jami'ar Mississippi ya sa yara 37 suka sa hannu, alhali 25 ne ke iya shiga a shekara. Da aka tambaye shi, ya ce babu dokar da ta hana shi ɗaukar 80 ma. Lissafinsa shi ne wasu za su faɗi jarrabawa, wasu a tura su ƙananan kwalejoji. Ƙungiyar jami'o'in yankin ta yi maza ta sa iyakar 28, aka riƙa kiran dokar da sunansa. A 2010 wani yaro a LSU ya riga ya tare a ɗakin kwanan ɗalibai, ya yi makonni yana atisaye, sannan aka kira shi aka ce lissafi ya ƙi, babu gurbinsa a bana. Kuma daga 1973 zuwa 2012, gurbin nan na shekara ɗaya-ɗaya ne, ana sabunta shi in koci ya ga dama.

Burodi halas, cuku haram. NCAA ta taɓa yin dokar da ta yarda jami'a ta ba 'yan wasa wani burodi mai siffar gammo a matsayin abin taɓa ka lashe, amma in aka shafa masa cuku ya zama abinci, an karya doka. Jami'ar Oklahoma ta taɓa kai ƙarar kanta saboda 'yan wasanta 3 sun ci taliya fiye da kima a wata walima, kowannensu ya ba da sadakar dala 3.83 don ya wanke kansa. A 2014 Shabazz Napier, ɗan ƙwallon kwando da jami'arsa ta ci kofin ƙasa, ya ce yakan kwana da yunwa. A Afrilun shekarar aka amince a ciyar da 'yan wasa ba iyaka.

Hukuncin kisa. Haka ake kiran horon da aka yi wa Jami'ar SMU ta Dallas a 1987, bayan an kama ta tana ci gaba da biyan 'yan wasa a ɓoye. An soke mata kakar wasa ɗungurungum, ita da kanta ta fasa ta 1988 don babu 'yan wasa. Gwamnan Texas na lokacin, Bill Clements, ya amsa cewa da saninsa aka ci gaba da biyan, sa'ad da yake shugaban hukumar gudanarwar jami'ar. USC kuma gurbi 30 aka zabge mata a 2010 saboda kyaututtukan da Reggie Bush da iyalinsa suka karɓa, har ya mayar da kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i. A 2024 aka dawo masa da abarsa, domin abin da ya zama laifi jiya ya zama sana'a: tun 1 ga Yulin 2021 ɗalibi na da ikon yin talla da sunansa. Wani yaro a Nebraska mai suna Decoldest Crawford, sunan da a Turanci ke nufin wanda ya fi kowa sanyi, tallar kamfanin na'urar sanyaya ɗaki ya samu.

Sauya sheƙa. Tun 2018 akwai rajistar da ɗan wasa zai sa sunansa in yana son barin jami'arsa. Da Deion Sanders ya karɓi Colorado a Disamban 2022, ƙungiyar da ta ci wasa 1 cikin 12, ya tara 'yan wasan ya faɗa musu cewa da kayansa ya zo, kuma masu tsada ne, don haka su nemi rajistar. Fiye da 50 suka kama gabansu.

Daga Melbourne. Mai dokan ƙwallo sama gurbi ɗaya yake ci, kuma jami'o'i da yawa daga Ostireliya suke ɗauko shi, daga wata makarantar horo ta Melbourne mai suna Prokick. Daga 2013 zuwa 2017, shekara 5 a jere, 'yan Ostireliya ne suka lashe kyautar gwanin wannan fanni.

'Yan sa-kai. Su ne masu biya wa kansu makaranta, su zo su roƙi a bar su su yi atisaye. Baker Mayfield sau biyu yana shiga ta wannan ƙofa, a Texas Tech da Oklahoma, ya ci kyautar Heisman a 2017, aka ɗauke shi na farko a gasar ƙwararru ta NFL a 2018. J.J. Watt ajiye gurbinsa ya yi a Central Michigan, ya yi aikin kai wa mutane abinci gida, sannan ya shiga Wisconsin a ɗan sa-kai. Stetson Bennett, wanda masu raba wa yara taurari a intanet ba su ɗauke shi a bakin komai ba, ya jagoranci Jojiya ta ci kofin ƙasa sau biyu a jere.

Namu na Afirka ta Yamma ma ta bayan gida suka shiga. Christian Okoye ɗan Inugu ya je Azusa Pacific ne don jifan faifai. Da aka bar shi a baya a tawagar Najeriya ta Olamfik ɗin 1984, sai ya gwada wannan ƙwallo yana da shekara 23, kuma a 1989 babu wanda ya fi shi cin tazara da ƙwallo a hannu a NFL. Amobi Okoye, haifaffen Anambra, ya fara buga wa Louisville yana ɗan shekara 16, aka ɗauke shi a NFL a 2007 yana da 19. Ezekiel Ansah ɗan Accra ya je Jami'ar BYU da burin ƙwallon kwando, sau biyu ana gwada shi ana sallamarsa. A 2010 ya shiga ƙungiyar ƙwallon a ɗan sa-kai, ko sa kayan kariya bai iya ba. A 2013 shi ne na 5 da aka zaɓa a NFL.

An koma 105. Ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da wani sulhu da ya birkita tsarin. Za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10, kuma kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ga jami'o'in da suka shiga tsarin, an cire iyakar gurbi 85, aka maye ta da iyakar yawan 'yan ƙungiya, mutum 105, kuma ana iya ba dukkansu karatu kyauta. A ido ƙari ne na gurbi 20. Sai dai kafin nan manyan ƙungiyoyi kan tara mutum 120 ko fiye, Nebraska ma takan kai wajen 150, kuma rarar duk 'yan sa-kai ne. Su za a rage, wato ƙofar da Ansah da Mayfield suka bi ce aka tsuke.