Bindiga Ƙarƙashin Matashi Ba Ta Gadin Mai Barci

Wata ɗabi'a ta yaɗu a Sudan, a hanyar da ta tashi daga Damazin ta bi Sinja da Sinnar har Wad Madani, kuma ta kai inda yin shiru a kanta ya zama laifi. Mutum zai taso da kalash ko ƙaramar bindiga cikin kayansa, dare ya riske shi a hanya, ya sauka a lokanda (masaukin baƙi) ko a zauren ɗan'uwa a Mai Wurno. Ya ci abincin mutane, ya sha shayinsu, sannan ya tura bindigar ƙarƙashin matashi ko ƙarƙashin angarib (gado) da harsashi a bakinta, bai gaya wa kowa ba. In ka yi magana sai a ce maka ai zamani ne ya zo da haka, wai bindigar da ba ta kusa da hannu gara sanda da ita. Wannan magana ta shiga bakin samari har da wasu dattawa, alhali in aka zauna aka auna ta babu abin da ke cikinta sai ganganci da rayukan mutanen da suka yi maka alheri.

Tsoron da ya haifi ɗabi'ar gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Mutanen Damazin sun ga faɗan da ya ɓarke cikin garin a watan Satumban 2011. A Yulin 2022 rikicin Hausawa da maƙwabtansu a Rusairis da Ganis ya ci rayuka sama da 100, a Oktoban shekarar kuma aka rasa sama da 200 a yankin Wad al-Mahi, dubban iyalai suka bar gidajensu. Yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023 ya zo ya ƙara dagula komai: Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, Sinja ta bi a Yunin 2024, hanyar Damazin ta toshe tsawon watanni kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwamban 2024 da Madani a Janairun 2025. Tun kafin wannan yaƙi ma, cibiyar Small Arms Survey ta Janiba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 2.8 a hannun farar hula a Sudan. Arhar makami da taƙamar ƙuruciya su ma sun taimaka. To amma samun dalilin jin tsoro daban, yin abin da zai kare ka daban.

A duba halin mai barci tukuna. Wanda ya wuni cikin mota ana jijjiga shi a ramuka, ya kwanta da gajiya, ba ya farkawa da cikakken hankali. Yakan ɗauki mintoci kafin ido ya washe, kai ya dawo daidai. A cikin waɗannan mintoci ne ake so ya gane wanda ke tsaye a bakin ƙofa cikin duhu, a gidan da bai san ƙofofinsa ba, bai san adadin masu kwana cikinsa ba. Kuma wa ke yawo a masauki da dare? Mai gida ne ya fito duba awaki, ko wani baƙon ya tashi zagayawa, ko tsohuwa ta fito alwalar nafila, ko yaron da aka aiko da buta da shayi kafin asuba. A kowane dare waɗannan ne masu giftawa ta gaban gadonka, ɓarawo kuwa sai jefi-jefi. Saboda haka wanda ya kwanta da yatsa kusa da kunamar bindiga ya fi kusa da harbin mai masaukinsa fiye da harbin ɗan fashi. Ga shi kuma a ƙasar nan in zafi ya tsananta a tsakar gida ake jera gadaje, mutum goma ko fiye a fili ɗaya, babu abin da ya raba su sai zanen rufa. Harsashin kalash yana kashe mutum daga nisan ɗaruruwan mitoci. Dangar kara da zana da ƙofar kwano ba su tare shi, yakan fasa su ya sami wanda ke barci a gidan maƙwabci.

Sai kuma safiya, wadda masu wannan ɗabi'a ba sa lissafawa da ita. Baƙo ya tafi masallaci ko ya shiga wanka, bindiga tana nan inda ya bar ta. Yarinya ta zo shara ta tura tsintsiya ƙarƙashin angarib, ko ta ɗaga matashi za ta kakkaɓe shimfiɗa. Yaran gida kuwa an san halinsu da kayan baƙo. Yaro ɗan shekara bakwai yana da ƙarfin jan kunama, kuma yaran da suka tashi cikin yaƙi sun ga yadda ake zare makarin kalash tun ba su iya karatun allo ba. A nan ma akwai wani kuskure da ya kamata a yi ta nanatawa har kunne ya gaji: cire gidan harsashi ba ya nufin bindiga ta zama fanko. In an riga an ɗana ta, harsashi ɗaya yana nan zaune a cikin bututu, kuma shi kaɗai ya isa a yi jana'iza. Sau nawa ake jin mutum yana rantsuwa bayan ɓarna ta auku cewa shi ya ɗauka babu komai a ciki?

Za a ce, to in mahara suka dira cikin dare fa, sai mutum ya tsaya neman makulli? Amsar ba ta da daɗi amma ita ce gaskiya: mahara ba sa zuwa su kaɗai, kuma ba sa zuwa suna gyangyaɗi. Mutum ɗaya da ya farka a firgice ba zai rinjayi mutum biyar da suka shirya ba; abin da harbinsa zai jawo shi ne su buɗe wuta kan gidan gaba ɗaya, har mata da yara. Bugu da ƙari, a lokacin yaƙi bindiga kanta dukiya ce da ake farauta. Da zarar an ji cewa baƙon gidan wane yana da kalash, gidan da ba shi da abin sata ya zama abin hari. In kuma jami'an tsaro ne suka zo bincike suka same ta ba takarda, mai gidan da bai san hawa ba bai san sauka ba shi za a fara tasawa a gaba, domin dokar makamai da harsasai ta 1986 ba ta yarda a mallaki bindiga ko a yi yawo da ita ba sai da lasisi. Mu Hausawan wannan yanki muna da ƙarin dalilin yin hattara. Bayan abin da ya faru a 2022, bindiga ɗaya da aka kama a zauren Bahaushe ta isa a wayi gari ana yaɗa cewa Hausawa na tara makamai, kuma masunta da manoman da ba su taɓa riƙe ko adda da niyyar faɗa ba su ne za su biya.

Addini ma bai bar wannan fage ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau ta kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami. In kibiya aka yi wa wannan tsanani, ina ga ƙarfen da ke zubar da harsashi talatin cikin 'yan daƙiƙu?

Abin yi a fili yake. Wanda ba shi da lasisi kada ya ɗauko bindiga sam, tafiyarsa ta fi aminci ba ita, musamman a hanyar da shingayen bincike suka yi yawa. Wanda aikinsa ko doka ta ba shi dama, ya riƙe takardarsa a jikinsa, ya bayyana bindigar a shinge tun kafin a tambaye shi, ya kuma rubuta lambar bindigar a wata takarda daban da zai bari a gida. In ya isa masauki, magana ta farko bayan gaisuwa ita ce ya ja mai gida gefe ya ce masa, “Baba, ina ɗauke da ƙarfe, ina zan ajiye?” In mai gida ya ce bai yarda ba, haƙƙinsa ne, sai a nemi wani wuri ba tare da fushi ba. In ya yarda, a fita waje inda babu mutane, a karkata bakin bindiga zuwa ƙasa mai yashi, yatsa nesa da kunama, a cire gidan harsashi, a ja a fitar da na cikin bututu, a leƙa da fitila a tabbatar, sannan a sake dubawa. Bindigar ta shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsasai su shiga wani wuri daban da shi ma ke kulle, makulli kuma ya kwana a aljihun mai ita, ba a rataye a ƙusa ba.

A lokanda, inda ake haɗa baƙi huɗu ko shida a ɗaki guda, jaka mai zif ba ma'ajiya ba ce. A tambayi mai lokandar ko yana da wurin ajiyar amana mai makulli, in babu a je ofishin 'yan sanda mafi kusa a nemi su riƙe, a kuma karɓi shaida a rubuce. Kada a bar bindiga cikin mota ko lori a tasha da sunan yaron mota yana gadi, shi ma barci zai yi. Kada a fito da ita a majalisar shayi ana nuna wa abokai, kada a miƙa wa saurayi ya riƙe ko na minti ɗaya, kada a ɗauki hoto da ita a sa a Facebook. In kuwa ta ɓata, a kai rahoto a ranar, domin duk ɓarnar da aka yi da ita daga baya sunan mai ita za a fara nema.

Masu gidaje da masu lokanda, ku daina jin nauyin tambayar baƙo abin da ke cikin kayansa, ko da surukinku ne. Limamai da masu unguwanni daga Mai Wurno zuwa Rusairis, ku faɗi wannan magana a huɗubar Juma'a da wuraren ɗaurin aure, tun kafin lokacin girbin dawa da riɗi ya cika hanya da matafiya.